Aikin jirgin kamun kifi a Birtaniya da bizar wucewa: ina tarkon yake?

Wani bawan Allah ne daga zangon Ashaiman, kusa da Tema a ƙasar Gana, ya yi tambaya a kan ƙanensa. Yaron ya yi shekaru yana aiki a jiragen kamun kifi na Tema, yanzu kuma wani ejan ya ce ya samo masa gurbi a wani jirgi a Sikotlan: kwantiragin wata goma, albashi duk wata, amma sai ya fara biyan kuɗin takardu da na hanya. Ejan ɗin ya ce kada su damu da biza, ta wucewa za a yi masa. Mai tambayar yana son ya sani ko hakan yana kan doka, kuma ko da gaske ne labarin da ake yi cewa ana bautar da mutane a jiragen nan.

Malam, bizar ba ta bogi ba ce. Gwamnatin Birtaniya ce ke bayar da ita, kuma masunta da yawa daga Filifin, Gana, Indunusiya, Indiya da Siri Lanka da ita suka shiga. Sai dai ba bizar aiki ba ce, kuma kusan duk wahalar da ake ba da labari daga nan ta taso. An yi ta ne saboda ma'aikacin jirgin ruwa da zai sauka a filin jirgin sama, ya ratsa ƙasar ya tarar da jirginsa a tasha, jirgin ya ɗaga ya bar ruwan Birtaniya, cikin ɗan gajeren lokaci. Jiragen dakon kaya masu zuwa wata ƙasa aka yi wa tanadin. Masu jiragen kamun kifi sai suka hango kafa. Ruwan da ƙasa ke da cikakken iko a kansa mil 12 ne na teku daga gaɓa, wato kilomita 22 da ɗan ɗoriya, kuma bayan wannan layi dokar shige da fice ba ta neman izinin aiki. To jirgi zai fita ya wuce layin, ya yi kwana biyar ko goma yana su, ya dawo tashar Peterhead ko ta Fraserburgh a Sikotlan ya sauke kifi, ya sha mai da ƙanƙara, ya sake fita. A haka za a ci wata goma. A takarda kuwa, mutumin har yanzu matafiyi ne da bai gama wucewa ba.

Abu na farko da wannan ke jawowa shi ne wurin kwana. Tunda ba shi da izinin zama a gari, jirgin ne gidansa, a teku da a tasha. Yawancin jiragen nan ba a ƙera su domin mutum ya zauna a ciki wata da watanni ba. Gado ne ƙunƙuntacce kamar kanta a gefen ɗakin inji, wani jirgin ma babu wurin wanka. Idan aka ɗaure jirgi a tasha, kyaftin da 'yan gari kowa ya tafi gidansa, sai a kashe inji a bar baƙi a ciki, cikin hunturun arewacin Sikotlan inda rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. In ba a jona jirgin da wutar tasha ba, babu na'urar ɗumama ɗaki. In an jona, ƙaramar hita ce ake kunnawa dare da rana. A watan Agustan 2008 gobara ta tashi da dare a wani jirgi mai suna Vision II yana ɗaure a tashar Fraserburgh, mutum uku da ke zaune a cikinsa suka mutu, biyu 'yan Filifin, ɗaya ɗan Latbiya. Binciken hukuma ya danganta wutar da hitar lantarki.

Na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan matsalar: izinin a ɗaure yake da jirgi ɗaya. Sunan jirgin ne a takardar. Ranar da ƙanenka ya ɗauki jakarsa ya sauka saboda an hana shi albashi ko an mare shi, daga ranar ya zama baƙon haure. Ba zai iya tsallakawa jirgin da ke kusa ba ko da kyaftin ɗinsa mutumin kirki ne yana neman ma'aikaci. Mai jirgi ya san haka sarai. Ba ya bukatar sarƙa ko kwado, ya ishe shi ya ce zai kira jami'an shige da fice, ko zai gaya wa ejan a goge sunan mutum daga jerin waɗanda za a sake turowa. Akwai masu jirage da ke biyan haƙƙi cif, suna riƙe ma'aikatansu da mutunci, mutum ya yi kwantiragi biyar ko shida da su ya gina gida a garinsu. Wannan gaskiya ne. Amma sa'a ce ta haɗa shi da su, ba bizar ce ta tsaya masa ba. In ya faɗa hannun mugu, takardar da ke aljihunsa tana bayan mugun ne.

Na uku shi ne layin mil 12 ɗin kansa. Ma'aikaci ba shi ke riƙe da sitiyari ba. Kyaftin ne ke zaɓen inda za a jefa raga, kuma yana bin kifi ne, ba ya bin taswirar ma'aikatar cikin gida. A yammacin Sikotlan ana auna layin ne daga bayan tsibiran Hebrides, don haka ruwan da ke tsakanin tsibiran da babban yanki duk cikin ƙasa yake. Jiragen Kilkeel, Portavogie da Ardglass na Arewacin Ayilan, masu kamun jatan lande, su ma wuraren sunsu da dama na kusa da gaɓa ne, kuma a tasoshin nan akwai 'yan Gana sosai. Sashe na 43 na dokar ƙasa da iyakoki ta 2022, wanda ya fara aiki a Afrilun 2023, ya fayyace cewa aiki a cikin mil 12 aiki ne a cikin Birtaniya, sai da bizar aiki. Ma'ana, in kyaftin ya ja raga a mil tara, ƙanenka ya aikata laifin yin aiki ba izini alhali ko kallon na'urar nuna hanya bai yi ba. Mai jirgi zai iya shan tara, wadda tun Fabrairun 2024 ta kai fam 45,000 a kan kowane ma'aikaci a karon farko. Shi kuwa ma'aikacin tsare shi za a yi, a mayar da shi gida, a ɓata masa fasfo, kuma albashin da yake bi sau da yawa a nan yake nutsewa. Mugun kyaftin har amfani yake da wannan: ka kai ƙara, kai za a fara kamawa.

Sai batun kuɗi. Masuntan gari a Birtaniya ba albashi suke karɓa ba, kaso suke ci. A sayar da kifi, a cire kuɗin mai, ƙanƙara, abinci da la'adar kasuwa, mai jirgi ya ɗauki nasa, sauran a raba wa ma'aikata. Mako mai albarka kowa ya ji a aljihunsa. Baƙo mai bizar wucewa an yanke masa adadi ɗaya a wata, ko an cika jirgi ko ba a cika ba, kuma kowane baƙo da aka ɗauka yana nufin kaso ɗaya ya ragu daga masu rabo. Wannan shi ne lissafin da ya sa ake neman su. Binciken da cibiyar kare haƙƙi ta Jami'ar Nottingham ta fitar a Mayun 2022 ya gano cewa in aka raba albashin baƙin masunta da awannin da suke yi, yana kamawa kimanin fam 3.51 a awa, a lokacin da mafi ƙarancin albashi na doka ya kai fam 9.50. Kashi 35 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ce ana dukansu ko ana cin zarafinsu a jiki, kusan kashi 60 sun ce suna yin awa 16 ko fiye a jere, kuma matsakaicin bashin da suka ci kafin su samu aikin ya kai wajen fam 1,800.

Ka yi lissafin da kanka da adadin da ejan ya faɗa muku. A ce fam 1,000 ne a wata. In aka yi kwana 25 a teku, awa 16 kowace rana, awa 400 ke nan, ya kama fam biyu da rabi a awa. Idan aka canza fam dubu zuwa sidi, kuɗin Gana, yana cika ido, shi ya sa mutane ba sa tsayawa su raba. Kuma ba lalle duka ya iso hannu ba. Tsarin da aka fi yi shi ne mai jirgi ya biya ejan, ejan ya cire abin da ya ga dama da sunan tikiti, takardu, rigar ruwa da takalmin roba, ya canza sauran a farashin da shi ya zaɓa, sannan ya tura wa iyali. Ma'aikaci yana tsakiyar teku, bai ga takardar biya ba, bai san nawa mai jirgi ya bayar ba. Wani lokaci mai jirgin ya biya cikakke, a hannun ejan kuɗin ya maƙale.

Me ya sa awannin suke da yawa haka? A jirgin jan raga, ana jan ragar awa huɗu zuwa shida, a ɗago ta, a zazzage, a mayar da ita ruwa nan take. Kafin a sake ɗagowa dole a tsince kamun, a feɗe kifi, a wanke, a jera a akwati da ƙanƙara. In jatan lande ne sai an cire kai ɗaya bayan ɗaya da hannu, cikin ruwan sanyi. Ranar da kamu ya yi yawa, ba a gama na farko ba na biyu ya hau. In raga ta yage, ɗinki ya cinye ɗan lokacin barcin. Jirgin da ya kamata ya ɗauki mutum shida in aka tafi da huɗu, a jikin baƙin ake cike giɓin. Haɗurran da ke cire yatsu ko su ja mutum cikin ruwa, wato igiyar ƙarfe da injin naɗe ta, sun fi samun wanda ya kwana biyu bai runtsa ba.

Doka ba ta yi shiru a kan waɗannan ba. Yarjejeniya mai lamba 188 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 2007, wadda Birtaniya ta amince da ita a Janairun 2019, ta shafi duk wanda ke aiki a jirgin kamun kifi mai tutar Birtaniya, kowace irin biza yake da ita. Ta ce a jirgin da ke wuce kwana uku a teku, hutu ba zai gaza awa 10 cikin 24 ba, da awa 77 a mako. Dole a ba shi rubutacciyar yarjejeniyar aiki da ya fahimta, ya riƙe kwafinsa. Kuɗin mayar da shi gida a kan mai jirgi yake. Kuma ta haramta a caji masunci kuɗin samo masa aiki, kai tsaye ko a kaikaice. Wannan na ƙarshen ya riga ya amsa rabin tambayarka: kuɗin da ejan yake nema, ba ƙanenka ya kamata ya biya ba. Riƙe fasfon wani ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba shi ma laifi ne a Birtaniya. Inda gizo ke saƙar shi ne aiwatarwa. Hukumar kula da jiragen ruwa da tsaron gaɓa ce ke duba jirage, a tasha take dubawa, takardar awannin hutu kuma kyaftin ne ke cikewa. Mai duba zai tambayi ma'aikaci lafiya, kyaftin na tsaye a gefe, mutumin da bashi ke jiransa a gida zai ce lafiya lau. A binciken Nottingham ɗin, fiye da kashi 60 sun ce ba za su taɓa kai ƙara ba saboda tsoron ramuwa ko a hana su aiki nan gaba.

Kuma ba zance ne na jita-jita ba. A 2024 BBC ta fitar da bincike a kan wani kamfanin jirage a garin Annan na Sikotlan, inda ta nuna cewa ma'aikatar cikin gidan Birtaniya ta amince mutum 35 da suka yi aiki a jiragensa tsakanin 2012 da 2020, 'yan Filifin, Gana, Indiya da Siri Lanka, an yi musu bautar zamani. Kamfanin ya musanta zargin.

Abin da ya faru a Jamhuriyar Ayilan ya fi komai nuna cewa ɗaure mutum da uban gida ɗaya shi ne ciwon, ba sunan takardar ba. Bayan jaridar Guardian ta tona halin da baƙin masunta ke ciki a 2015, gwamnati ta ƙirƙiro izinin aiki na musamman a 2016, ga jiragen da suka wuce mita 15, gurbi 500. Izini ne na gaskiya, da kwantiragi da mafi ƙarancin albashi na awa 39 a mako. Amma mai jirgi ne ke nema, shi ke sabuntawa duk shekara. Sai aka koma gidan jiya: mutum ya yi awa 80 ko 100 a biya shi na 39, ya yi magana a ƙi sabunta masa. A 2019 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam suka rubuta wa gwamnatin cewa tsarin yana jefa baƙi cikin haɗarin safara da bauta. A ƙarshen 2022 aka rufe shi, aka ba masu riƙe da shi damar komawa izinin zama da ke barin mutum ya yi aiki inda ya so. A Hawai ta Amurka abin ya fi muni: binciken kamfanin dillancin labarai na AP a 2016 ya sami baƙi kimanin 700 a jiragen Honolulu ba su da biza kwata-kwata, ba a yarda su bar tasha ba, fasfonsu na hannun kyaftin.

Hanyar da ke kan doka ga mai aiki a cikin mil 12 ita ce bizar ƙwararren ma'aikaci, wadda a takardun hukuma ake rubutawa Skilled Worker. Tun Afrilun 2021 aka buɗe ta ga mai aikin saman jirgi da ke da gogewar shekara uku, a jirgin da ya kai mita 9. Da ita mutum zai kama ɗaki a gari, ya buɗe asusun banki, a biya shi albashin da doka ta ƙayyade. A Afrilun 2024 mafi ƙarancin abin da za a biya a irin wannan gurbi ya koma fam 30,960 a shekara, ya kuma sake hawa a 2025. Tana bukatar cin jarrabawar Turanci a karatu, rubutu, ji da magana, kuma a nan masunta da yawa ke faɗuwa. Ɗan Gana da ya yi makaranta yana da ɗan rinjaye a kan ɗan Indunusiya ta wannan gefen. Ita ma ba aljanna ba ce, domin a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyi. Bambancin shi ne in aka rabu, yawanci ana ba mutum kwana 60 ya nemi wani mai ɗaukar nauyi, ba a wayi gari ya zama ɗan haure ba. Tsadarta ce ta sa masu jirage da dama ke manne wa bizar wucewa. Ƙa'idojinta na yawan canzawa, sai a duba shafin gwamnatin Birtaniya a ranar da za a nema.

To me za ku yi kafin ko sisi ya fita? Ku nemi sunan jirgin da lambar rajistarsa, wadda ake rubutawa da manyan haruffa a goshinsa: PD na Peterhead ne, FR na Fraserburgh, N na jiragen Kilkeel da kewaye. Gwamnati na wallafa jerin jiragen kamun kifi masu rajista da tsawon kowanne. Jirgin da ya kai mita 15 dole ya kunna na'urar bayyana inda yake, don haka a manhaja irin MarineTraffic za ku iya bin sa mako biyu ko uku ku ga inda yake su. In kullum yana laɓe a gaɓa, yana fita da asuba ya dawo da dare, kuma aka ce bizar wucewa za a yi, to an shirya sa yaron cikin laifi tun kafin ya hau. In ejan ya ce bizar ƙwararru ce, a duba sunan kamfanin a rajistar masu lasisin ɗaukar nauyi, ita ma a buɗe take ga kowa, kuma a nemi lambar takardar ɗaukar nauyin. Ejan da ya ce sai an isa za a san jirgi, a bar shi da gurbinsa.

Kwantiragin kuma a karanta shi a gida, ba a filin jirgi ba. A duba wa ya sa hannu, mai jirgi ko ejan kaɗai. A duba nawa ne albashi, da wane kuɗi, ranar nawa ga wata, ta hannun wa, da duk abin da za a cire. A duba ko akwai sharaɗin da ya ce in ya bar aiki kafin wa'adi zai biya tara ko tikiti, ko za a riƙe wani ɓangare na albashi sai ƙarshen kwantiragi. Irin wannan sharaɗi shi ne igiyar da za a ja shi da ita daga baya. Kada a ba da takardar fili ko ta gida jingina, komai daɗin bakin ejan. Wata dabara da aka sani ita ce a sa hannu a kwantiragi ɗaya a gida, a isa jirgi a miƙo wani daban mai ƙaramin albashi, don haka ya ɗauki hoton kowane shafi na na farkon, da fasfo, da littafinsa na ma'aikacin ruwa, ya bar kwafi a wurinka.

In ya riga ya tafi, ya riƙe ƙaramin littafi yana rubuta lokacin da ya fara aiki da lokacin da ya kwanta kowace rana, da duk kuɗin da ya shigo hannunsa. Wayar hannu na nuna inda mutum yake ko babu sabis, hoton allon da kwanan wata shaida ce ta inda jirgi ya yi su. Waɗannan su ne abin da jami'in ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, zai fara tambaya in za a ƙwato albashi, kuma taimakonsu kyauta ne. A manyan tasoshi akwai Fishermen's Mission da Stella Maris, ƙungiyoyin jin ƙai ne na Kirista amma ba sa tambayar addinin mutum, suna da wurin wanka da intanet, sun kuma san wanda ya kamata a kira. Layin kai rahoton bautar zamani a Birtaniya shi ne 08000 121 700, na gaggawa kuma 999.

Ya san kuma abin da ke bayan kai ƙara, don kada a yi masa alƙawarin banza. In 'yan sanda ko wata hukuma mai izini ta miƙa sunansa ga tsarin tantance waɗanda aka yi safararsu, kuma aka ga akwai alamar gaskiya, za a ba shi masauki da ɗan kuɗin kashewa, da aƙalla kwana 30 da ba za a fitar da shi daga ƙasar ba. Wannan ba ya ba shi izinin aiki, hukuncin ƙarshe kan ɗauki fiye da shekara, kuma duk tsawon lokacin mai bin bashi a gida bai daina ƙirga kwana ba. Shi ya sa kuɗin da ejan ke nema a yau ya fi komai muhimmanci a cikin maganar nan. In ya dage sai an biya, ku ce ya rubuta a takarda me kuɗin yake saye, ya sa hannu da hatimin ofishinsa, tare da lambar lasisinsa na ɗaukar ma'aikata zuwa ƙasashen waje.